Lakar Da Ta Faɗi Ƙasa

Mutumin da ake ce wa Mai Leda ba sayar da leda yake yi ba. Goge fentin mota yake yi, a wata rumfar kwano a bakin titi, tsakanin mai faci da shagon sayar da batir. Sunan daga ɗabi'arsa ya fito. In an kawo mota an wanke ta tas, sai ya zura hannu cikin 'yar siririyar leda ya shafa bonet, idonsa a rufe. Abin da tafin hannu bai ji ba, ta cikin leda sai a ji shi ɓaro-ɓaro: ɗigon kwalta, ƙaron itace, ƙurar ƙarfe da ta nutse cikin fenti. Sannan ya ɗago ya ce wa mai motar, "Wanka dai ta yi, amma ba ta fita ba."

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, wannan ko matarsa ba ta musu. Masifa gare shi, kuma ba ya ajiye magana ta kwana. Amma wanda ya san inda ya fito ba zai ga laifinsa duka ba. Yana saurayi ubansu ya rasu ya bar masa uwa da ƙanne, ya fara da bokiti da soso a bakin famfo, yana wanke motocin haya har fatar hannunsa ta tsattsage. Daga baya ya faɗa hannun wani tsoho mai fentin mota, wanda ya fi shi masifa, a can ya koyi aikin laka.

Lakar nan ba ta bakin rafi ba ce. Wani abu ne mai taushi kamar danƙo, a leda ake sayo shi, a murza a faɗaɗa shi a tafin hannu. Sai a fesa ruwan santsi a jikin mota, a bi da lakar a hankali, tana zamewa tana tsince duk abin da sabulu ya kasa cirewa. In ta yi datti a naɗe ta a buɗe sabuwar fuska. Bayan an gama, fenti ya koma sumul, sannan a fesa kakin feshi a goge da tawul mai laushi, ƙyalli ya tashi. Dokokin Mai Leda ba su da yawa. Ba a aiki a cikin rana, ba a rowar ruwan santsi, kuma lakar da ta faɗi ƙasa ta mutu. Ko yanzu aka ɓare ta daga ledarta, in ta taɓa siminti, sai bola. Ƙwayar yashi guda ta ishe ta yi wa mota zane daga hanci har wutsiya.

Duk wannan ya koya wa Auta, ƙaninsa. Shi ya raine shi, shi ya yi masa aure, ranar da aka haifa wa Auta ɗan fari kuwa ya kira shi gaban mahaifiyarsu ya ce rabin rumfar nasa ne. Auta ba malalaci ba ne. Yana da fara'a da daɗin baki, masu mota sun fi son su tarar da shi. Aibinsa ɗaya: ya ɗauki aikin laka wahalar banza, domin ba wanda yake gani. Shi dai a ba shi kwalbar kaki, ya fesa, ya goge, mai mota ya ga haƙoransa a jikin ƙofa ya yi murmushi.

Wata safiya aka kawo wata baƙar mota doguwa. Wani dattijon direba ne yake kawo ta kullum, motar maigidansa ce, kuma ya tsufa a bakin aikin nan. Mai Leda ya wanke ta, ya shafa, ya ce tana son laka. Sai aka aiko masa cewa maƙwabcinsa ya rasu. Ya bar wa Auta aikin ya tafi jana'iza.

Da ya dawo, tun daga bakin rumfa hancinsa ya gaya masa akwai magana. Ƙamshin kaki ya yi yawa, kamar an yi ɓarinsa. Motar kuwa sai sheƙi take yi. Ya buɗe robar da ake ajiye laka, ya ɗauko ta ya murza, sai ya ji ƙurus-ƙurus a tsakanin yatsunsa.

"Auta, lakar nan ta faɗi?"

"Santsi ne ya kwashe ta daga hannuna, Yaya. Na ɗauraye ta fa."

"Ka ɗauraye ta."

"Ita kaɗai ta rage mana. Da zaunar da bawan Allah zan yi har sai an je kasuwa an dawo?"

Mai Leda ya kunna fitilar wayarsa ya kwantar da haskenta a kan bonet. Can ƙarƙashin ƙyallin sai ga su nan, zane bisa zane, dogaye, har kan ƙofar direba. Auta ya gan su tun ɗazu, shi ya sa ya yi ta lafta kaki har ya cike su. Ɓarnar ba ta ƙona wa Mai Leda rai kamar rufewar ba.

"Wa ya koya maka wannan? Ni?"

"Haba Yaya, rage murya mana, mutumin yana waje. Kaki ya rufe. Kafin ya wanke an yi makonni, wa zai ce mu ne?"

"Ba wanda zai ce mu ne. Tsohon can za a ce. Maigidansa zai fito wata safiya ya ga bonet kamar kaji sun yi tono a kai, ya tambayi wanda makulli yake hannunsa."

"To ai sai ya ce bai sani ba."

"A kore shi ke nan, da furfurarsa. Kai kuma kana nan kana washe baki kana fesa turare."

Auta ya sha kunu. "Wato bare ya fi ni a wajenka? In ka tona wannan, ni ka tona wa asiri, ba kowa ba. Wallahi in ka yi, mun gama zama rumfa ɗaya."

Mai Leda ya san Auta ba wasa yake yi ba, ya kuma san abin da zai tarar a gida. Ya tsaya yana huci, yana duban wannan ƙato da ya taɓa goyawa a baya. Sannan ya ɗauki bokiti, ya zuba sabulu mai ƙarfi wanda yake cinye kaki, ya leƙa waje ya kira direban.

"Baba, shigo ka ga abin da muka yi maka."

A gaban direban ya wanke bonet ɗin, ya tsane shi, ya sa aka tura motar cikin rana. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Dattijon ya dafe kai yana salati, abin da yake ta maimaitawa kawai shi ne, "Me zan ce masa? Me zan ce masa?"

"Ba kai za ka ce ba. Mu je."

Da suka isa, maigidan ya zazzaga masa ruwan masifa a tsakar gida, a gaban masu aiki, kuma karo na farko a rayuwarsa Mai Leda ya sha faɗa bai rama ba. Da mutumin ya gaji ya tambaya, "Wane ne a cikinku ya yi?"

"Rumfata ce, ranka ya daɗe. Ni ne."

Kwanaki ya yi a sunkuye da injin gogi yana bin zanen nan ɗaya bayan ɗaya, har bayansa ya ƙage. Yawanci sun fita. Guda biyu sun yi zurfi, ya bar su, domin in ya matsa zai cinye fentin. Ya nuna wa direban inda suke, kada wata rana a ɗora masa.

A gida kuwa mahaifiyarsu ko amsa gaisuwarsa ba ta yi ba. "Mota ce ta haife ka?" in ji ta. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka kunyata ƙaninka a gaban bare saboda ƙarfe."

"Inna, ko sunansa ban kama ba."

"Direban makaho ne? Bai ga wanda ya yi aikin ba?"

Aka raba kaya. Auta ya ɗauki tiyo ɗaya, da rabin tawul, da kwalaben kaki duka, ya bar wa yayansa ruwan santsi, ya ce shi ba shi da abin yi da shi. Bai yi nisa ba. Tsallaken titi ya kama, daidai saitin rumfar, ya kafa allo mai launi: wanki da ƙyalli, nan take. Motoci suka yi layi. Wa zai ba da yini guda a kan abin da ido ba ya gani, ga inda za a fesa maka ka wuce? Mai Leda yana zaune a kan benci yana kallon ana shafa kaki a kan datti, cikin tsakar rana, ransa yana tafasa. Mai faci ya gaji da jin tsakinsa har ya mayar da kujerarsa ɗaya gefen.

Bayan wata biyu sai ga baƙar motar ta rage gudu a gaban rumfarsa. Ya miƙe, har ya fara naɗe hannun riga. Sai ta ba da sigina ta tsallaka, ta tsaya a gaban allon Auta.

Dattijon ya fito, ya ba da makulli, ya tsallako da ƙafa yana ƙasa-ƙasa da kai.

"Ka yi mini rai, ban manta ba. Amma maigida ya rantse motarsa ba za ta sake shiga inda aka ɓata ta ba. Ya ga sabon wuri, ya ce can zan riƙa kai ta."

"Kai ai ka san hannun da ya yi."

"Na sani. In faɗa masa?"

Mai Leda ya dubi tsallake. Auta ya riga ya buɗe tiyo, babban ɗansa yana gefe yana tsalle a cikin ruwan. Kalma ɗaya ta isa ta tona ƙanin nasa, kuma ga ta nan a kan harshensa, da zafinta. Ya haɗiye ta da ƙyar.

"Koma ka zauna kusa da motarka, Baba," ya ce. "In ka ga wani abu ya faɗi ƙasa, kada ka bari a ɗauka."