Shafin da Muka Ara wa Baba Usman

A duk zamana a shagon tsofaffin jaridu na Ammu Sabri, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Hajja Zainabu ta shigo. Lokacin ina karatu a Alƙahira, ina zuwa shagon bayan la'asar. Aikina shi ne ware shafukan da ke ɗauke da tallan fitowar tsofaffin finafinai, in sa kowanne a leda ba tare da na ninke shi ba, domin su masu tarawa suka fi nema. Dokar shagon kuwa, shafin da aka yi wa wani alkawarinsa ba ya fita ƙofa.

Ta ji ina waya da Hausa, sai ta matso. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro su unguwar Hayyin Ashir a nan Alƙahira.

"Ɗana," in ji ta, "maigidana shi ke haska fim a silimar garinmu tun yana saurayi. Duk tallan da ya gani a jaridun Masar sai ya adana. Gidan ya ƙone da su. Tunda muka zo ya daina magana, abinci ma sai da lallashi."

Ta faɗi fim ɗin da ya fara haskawa. Muna da shafin, amma an riga an ajiye wa wani mai tarawa a unguwar Zamalek.

"Ma'alish, ya ibni, yi haƙuri ɗana, alkawari ne," in ji Ammu Sabri da na shaida masa. Sai ya dubi matar, ya kira mutumin a waya. Da ya gama ya ce, "Ya yarda a ara musu. Yalla, kai da kanka, ka dawo da shi yadda yake."

Na tarar da mijin nata, Baba Usman, kwance, ya juya wa ƙofa baya. Na yi sallama na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya zare shafin daga leda, na kuwa kasa hana shi. Ya shinshina takardar.

"Ranar nan fim ya tsinke mini ana tsakiyar kallo," ya ce da dusasshiyar murya. "Zainabu, yayanki ya fi kowa yi mini ihu."

Hajja ta rufe fuska da mayafi. Can ya ce a ba shi shayi.

Hawayensa ya bar tabo a gefen shafin, na koma shago da shi a haka. Da mutumin Zamalek ya zo na gaya masa gaskiya. Ya dubi tabon, ya ce kada a yi ƙoƙarin goge shi, ya tambayi lafiyar tsohon. Da Baba Usman ya rasu a ƙarshen shekarar, mutumin Zamalek yana cikin sahun jana'iza.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, za a koya muku kare takarda daga rana da laima. Ku ƙara da tambayar duk wanda ya shigo me ya sa yake neman shafin. Wani kayan tarawa yake nema, wani kuma gidansa da ya ƙone.