Fadamar Legas Ta Cinye Min Takalmi

Gari bai gama wayewa ba muka bar Samaru, ni da kawuna mai safarar tumatir. A Sabon Gari muka ɗare saman kwanduna a bayan babbar mota. Kafin in fito na bar wa Inna sallahu: kullum ta juye kashin kaji a ramin karfasata na bayan gida. An ce min ruwa in ya yi kore kifi ke ƙiba, ni kuma na ce to a ninka!

Hanyar Birnin Gwari rami ne ke bin rami, tumatir na tsalle muna tsalle. A Jebba muka ci soyayyen kifi da arha. A Ogbomosho aka kawo min amala, na mayar, na zaci tuwo ne ya ƙone.

Da muka sauke kaya a Legas na matsa wa Kawu sai mun je Ikorodu, inda kogi ke gamuwa da ruwan teku. Jama'a, kore shar har iyakar gani! Na ce, "Kawu, ji fadama an bar ta ba ko alayyahu!" Na taka. Sai ga ni tsundum har ƙugu, ga ɗoyi. Ashe ciyawa ce mai yawo kan ruwa kamar kainuwa.

Wani tsoho Banufe masunci ya miƙo min filafilin kwale-kwalensa ya jawo ni yana dariya, takalmina ɗaya ya rage a laka. "Ɗan Zazzau, har ka fara noma?"

Ya ce da yana saurayi nan garau yake, kifi ko'ina. Sannu a hankali takin gonaki da ruwan kwatami suka riƙa gangarowa, ciyawa ta ƙoshi ta rufe ruwan. In ta ruɓe ta shanye iskar ciki, kifi ya gudu ko ya mutu.

Taki? Nan take na tuna kashin kajin da Inna ke juye wa kifina. Da takalmi ɗaya na ruga wurin mai waya a ƙarƙashin lema na kira maƙwabcinmu. "A ce wa Inna ta tsaya!" Sai na jiyo muryarta daga nesa: "Ka kwantar da hankalinka, har ƙari na yi maka!"

Da muka koma gida, tun daga bakin layinmu ƙamshin banda ya tare ni. Inna ta ce kifayen duk sun taso sama baki buɗe, ta kwashe kafin su lalace. Uku suka rage, na sauya musu ruwa.

Abin da tafiyar ta koya min: ruwa ma yana ƙwarewa in an ɗura masa. Kawu kuwa, bakinsa cike da karfasata, ya ce gobe in ƙara taki.