Dashen Murjani

Ranar da na gaya wa matan unguwarmu a Ƙofar Guga cewa autata ta samu aikin murjani a bakin teku, ban san na jawo wa kaina magana ba. A gidan suna ne. Kafin a gama rabon waina labari ya zagaye tsakar gida. Washegari da hantsi maƙwabciyata Hajiya, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta yi sallama. Muka gaisa, ta tambayi gajiyar suna, ta tambayi ciwon ƙafata, sannan ta matso ta rage murya. Lefen ɗanta take shirin haɗawa, tana son ja mai kauri, na gaske, ba na roban da ya cika kasuwa ba. Na ce to, zan faɗa mata. Ni ma a lokacin abin da na ɗauka ke nan.

Da na gaya wa yarinyar a waya, dariya ta yi har da tari.

"Inna, ba na wuya ba ne. Ɗan'uwansa ne dai. Wannan rai gare shi, shuka shi muke yi."

"Shuka dutse? Ke Auta, ki ji tsoron Allah."

Ta yi mini bayani har kunnena ya yi zafi. A wani tsibiri take, can gabashin Afirka, inda ta yi karatu. Murjanin nan, in ji ta, shi ne gidan kifaye, nan suke ƙwai, nan kunkurun teku yake kiwo, kuma yana ta mutuwa. Su sai su samo 'yan guntaye masu rai, su ɗaure a jikin igiya a ƙarƙashin ruwa, su yi ta reno kamar irin albasa, in ya yi ƙwari su dasa. Wahalar ita ce gansakuka. In ba a goge ta ba sai ta lulluɓe shi ta shaƙe shi. Saboda haka ɗiyata, da na sha wuya na kai jami'a, goya tulun iska take yi ta nutse cikin teku da buroshin goge haƙori. Na ce Allah ya kyauta.

Aikin na mutum biyu ne, gwamnatin ƙasar da wata ƙungiya mai zaman kanta. Ruwan na gwamnati ne, jirgin ruwan da suke shiga nata ne, ita ke ba da izinin shiga. Ƙungiya ke kawo kayan nutso da ma'aikata. Wannan ba ya iya motsi sai da wancan. Da na ji haka na hango matsala, don ni a ma'aikata na tsufa ina buga takardu, na san yadda abin mutum biyu yake ƙarewa a ofis.

Shekaru suka yi ta tafiya. Babanta ya rasu, yayyenta kowa na gidansa, ni kaɗai a gida sai rediyo. Ba na ɓoyewa, so nake ta dawo. Duk waya sai na faɗa, duk waya sai ta ce, "Inna, bari waɗannan su yi ƙwari tukuna." Na tsani murjanin nan ban taɓa ganinsa ba.

Sai ga ta kwatsam farkon wata damina, da akwati ɗaya. Wa'adin yarjejeniyar ya cika, an canza shugaba a ma'aikatar can, sabon ya ce sai ya duba. Kafin ya duba ba mai shiga ruwa, an ɗaure jirgi. Ƙungiya ta ce kowa ya je gida ya huta kwana biyu, da an sa hannu za a kira su. Na yi murna, wallahi na yi. Na sa aka yanka kaza, na dama mata fura da hannuna.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Yarinyar jikinta ne kawai ya zo Katsina. Tun safe waya na hannunta, tana zagaye tsakar gida tana ɗaga ta sama, daga gindin darbejiya zuwa bakin rariya. Ta kira mutanen ƙungiya, su ce suna jiran gwamnati. Ta kira wani da ta sani a ma'aikatar, ya ce takarda na kan teburin oga, oga ya yi tafiya. Da oga ya dawo sai aka ce ba a yarda da wani layi ba. Da aka gyara layin sai rigima ta koma kan sunan wa za a fara rubutawa a allon da ke bakin ruwa. Ina zaune ina tsintar shinkafa ina jin duka. Ko da Turanci ake faɗar "a ɗan ƙara haƙuri", na san muryar.

"Inna, gansakuka ba ta san sa hannu ba," ta ce mini wata rana. "Kullum ƙaruwa take."

"To ni mi zan yi miki? In je in sa musu hannun? Ci abincinki."

Ba ta ci ba. Sai ta koma wanke-wanke. Ta goge gindin randa, ta goge koren da damina ta fito da shi a jikin katanga, ta durƙusa bakin rariya da tsohon buroshi tana kankara har yatsunta suka yi fari. Na yi faɗa, na yi lallashi, na gaji na zuba mata ido. Haushinta nake ji, tausayinta nake ji, ga ƙafa na damuna.

Ana cikin haka Hajiya ta shigo. Bikin ɗan nata, da aka yi ta ɗagawa shekara da shekaru, ya matso, kuma ta ji mai murjani ta dawo. Ta zauna ta ce, "Ɗiyata, halan kin taho mana da saƙon?" Ni ce ban taɓa warware mata zancen ba, kullum sai in ce ana nan ana dubawa. Auta ta ɗago daga bakin rariya ta ce, "Hajiya, wanda ake sawa a wuya gawa ce. Nawa ma can yana zama gawa, in ya gama sai a kawo miki." Innalillahi! Hajiya ta ja mayafinta ta fita ko sallama babu. Da la'asar na ja ƙafata na bi ta da ban haƙuri, na zauna na sha gorin tarbiyyar 'yan boko har aka kira magariba. Da na dawo na wuce ɗakina, ba ni da sauran ƙarfi.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari, sannan wani masunci da suke aiki tare ya faki ido ya nutsa da numfashinsa ya ɗauko mata hoto. Tana kallo ta zauna a ƙasa. Ta miƙo mini wayar. Ni dai igiyoyi na gani, da wani abu ruwan ƙasa ya naɗe su kamar tsumma.

"Ina murjanin?" na ce.

"Shi ne wannan, Inna."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta tashi ta ɗauraye hannunta, ta tambaye ni mi za a dafa.

Ba a rufa sati ba aka sa hannu. Aka turo musu hoto, manyan mutane cikin kwat suna musabaha, kowa na murmushi. Ƙungiya ta kira ta ce a dawo, za a fara sabon zagaye, a nemo sababbin guntaye a ɗaura daga farko. Ina ji ta ce musu za ta yi tunani. Ta kashe wayar ta ce mini akwai wata makarantar kuɗi wajen Ƙofar Kwaya da ke neman malamar kimiyya, za ta je ta gani.

Abin da na shekara da shekaru ina roƙo ke nan. Sai na ji bakina na cewa, "Ki koma, Auta. Ni ba abin da zai same ni."

"In koma in yi reno, wa'adi ya sake cika, wani ogan ya sake tafiya? Na gaji, Inna."

Na san zai cika, na san zai yi tafiya.

Ta karɓi koyarwar. Yanzu da safe take fita, ta dawo bayan azahar da littattafan yara, ta ci abinci, ta kwanta. Mutane na yi mini barka, ina cewa alhamdu lillahi. Ba ta daina yi mini ladabi ba, surutun ne dai babu.

Mutanen can ba su haƙura da wuri ba. Wata ranar Asabar tana tsakar gida tana gyaran zogale, wayarta ta yi ƙara a ɗaki. Na leƙa na ga doguwar lambar nan ta ƙasar waje. Na ɗauko, na tako da ƙafar nan tawa a hankali har inda take, na miƙa mata.

"Su ne," na ce. "Ki ɗauka mana."

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da zage ganyenta a cikin tire. Na tsaya a kanta da hannu a miƙe, wayar na ta ƙara, har ta katse a hannuna.