Bijimin Ƙarshe na Bappa Dewa

A taƙaice, ga yadda takardar hukuma ta faɗi al'amarin: Dewa Bobbo, wanda aka fi sani da Bappa Dewa, mai tsaron ƙofar kwatar yankan dabbobi ta garin Mayo Barka a tudun Adamawa na Kamaru, ya ajiye aiki saboda tsufa; ba a same shi da laifi ba, ba a kuma same shi da wani abin yabo na musamman ba. Tsohon akawun kwatar, wanda ya sha rubuta irin wannan takarda, ya ga ya dace a ƙara 'yan layuka.

Tun kafin mahauta su gama wasa wuƙaƙe Bappa Dewa yake isowa, da sandarsa a kafaɗa kamar mai bin garke, alhali garken ya daɗe da ƙarewa. Aikin da aka ɗauke shi ya yi shi ne buɗe ƙofa da rufe ta. Shi kuwa sai ya ƙara wa kansa wanda ba a sa shi ba: duk saniyar da za ta shiga, sai ya shafa kwiɓinta, ya danna, ya saurara. In ya ji motsi, ƙofa ba ta buɗuwa. Dokar hana yanka saniya mai ciki ta daɗe a manne a bangon ofis, kuma ƙudaje sun karanta ta ƙwarai da gaske.

Shekarar da damina ta makara ita ta nuna ko shi wane ne. Gonakin masara sun riga sun cinye burtali, manoma suna ƙone karansu da zarar sun girbe, hayaƙi ya rufe gari, shanu kuma ba abin da za su lasa sai toka. Makiyayi kan kai kasuwa wadda ta fi cika ido, kuma a irin wannan shekara mai ciki ce kaɗai ke cika ido. Yajji, matar da ke wankin tumbi a bayan kwata, ta shaida cewa har ta daina cin nama, don yawan 'yan tayin da take kwasa tana kai wa rami.

Ana nan, Sarkin pawa Aisami, Babarbare, wanda wasan ƙabila ya halatta masa faɗa wa Bafillace irin Dewa abin da ya ga dama, ya jawo wata jar saniya.

"Bawana, buɗe ƙofa, rana tana yi."

"Ranka ya daɗe, kai ɗaya ka saya, ga shi biyu ka kawo."

"Ciyawa ce a cikinta."

"A bana? Nuna mini inda ta samo ta, in kai tawa."

Aka yi dariya, ban da Aisami. Ya ce jarinsa ke nan a igiya, yaransa masu fiɗa suna jira, in ba a yanka ba gidajensu ba za a ɗora tukunya ba. Tausayi kuma ba a soya shi a tire. Maganarsa gaskiya ce, Dewa ma bai musa ba. Ya ce a ba shi lokaci kaɗan, ya rufe ƙofa ya nufi gida.

A gidan akwai farin bijimi guda, shi kaɗai ya rage daga garken mahaifinsa. Don shi Dewa yake yankan ciyawa a bakin rafi, da shi kuma yake fatan tayar da garke in ya samu karsana. Ya kwance shi da hannunsa, ya jawo shi har kwata, ya miƙa wa Aisami igiya. Waɗanda suke wurin sun ce bai shiga ciki ba, bai kuma waiwaya ba. Ya tsaya yana gyara makullin da ba abin da ya same shi.

Mun ɗauka ciniki ya yi: ya ba da ɗaya ya karɓi biyu. Ashe ba mu san mutumin ba. Da saniyar ta haihu, sai ya bi al'adar iyayensa ta habbanaye, wato a ɗaure wa wanda ba shi da komai saniya, ya sha nono, ya riƙe 'ya'ya, ya mayar da uwa. Yajji ya fara ɗaure wa. Ta ce ita Bagbayiya ce, ƙabilarsu manoma ne, rogo ta sani ba shanu ba. Ya ce rogo ma wani ya koya mata. Daga hannunta saniyar ta wuce gidan wani mai fiɗa da wuƙa ta lalata wa hannu, daga nan zuwa wani makiyayi da fari ya tsiyata.

Abincinta kuwa, Dewa ya riƙa tura kashin tumbin da ake zubarwa a rafi zuwa gonaki, ya karɓo kara a madadinsa. Manoma suka ga taki ya fi toka, ƙone-ƙone ya ragu a gonakin da ke kewaye, rafi ya daina wari. Mahauta, ko don kunya ko don sun gaji da tsayuwa a ƙofa, suka fara ɗaure masu ciki a bayan kwata har su sauka. Hukuma ta lura da wannan ci gaba, ta yaba wa kanta.

Bappa Dewa, kai ne makiyayin da ba shi da garke, amma rabin maruƙan bayan gari sun san hannunka. Kai ne ka nuna mana cewa ba dole a zaɓa tsakanin cikin mahauci da cikin saniya ba, in akwai mai yarda ya yi asara. Mun gode, Allah ya saka. Wanda ya gaji makullin nan, ya sani ba buɗewa kaɗai aka ƙera shi ya yi ba.

Abin da aikin ya ci: haƙarƙari biyu da ƙaho ya karya, gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa, da farin bijimi guda. Abin da ya shigo: ɗan maraƙi ja, jikan saniyar nan, wanda Aisami ya sayo ya ɗaure masa a ƙofar gida ranar da ya ajiye aiki. Ya ce kada a gode masa, ai ciyawa ce.