Zoben Baba da Sarƙar Babur

Ɗazu ina neman takarda a akwati, sai zoben azurfar Baba ya faɗo. Nan na zauna, takardar ma na manta da ita.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba Baba ya rasu. Ya bar min babur ɗin da yake kai busasshen kifi da shi daga Bagudo zuwa iyakar Dahome, Benin ta yanzu. Da shi za mu ci, ni da Inna da ƙannena.

Da kansa yake gyaran abinsa. Ya koya min cewa sarƙar ciki, mai haɗa inji da giya, a bar mata sassauci daidai kaurin yatsa.

Haka nake yi, amma babur sai kuka, kamar sarƙar za ta tsinke. Rannan na kwance murfin sarƙar karo na uku, har na fara tunanin sayarwa.

Inna tana tankaɗe ta ce, "Da mi kaka awo?"

"Da yatsa, Inna, yadda Baba ya ce."

"Yatsan wa? Naka na 'yan boko?"

Ta shiga ɗaki ta fito da zobensa. Na zura, ya yi min lako-lako. Ta ce, "Auna da wannan."

Na sassauta sarƙar daidai faɗin zoben. Da na tayar, babur ya yi muryar da muka sani. Inna ta juya baya, wai gari ne ya faɗa mata a ido.

Har yau yatsana bai cika zoben nan ba. Ku fa, wane awo aka bar muku a gida?