Mai Fenti Tsakanin Likitoci Biyu

A garejin babu mai kiransa da sunansa. Mai Fenti kawai ake cewa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Tun yana saurayi yake fesa wa motoci fenti a wata rumfar kwano da ke ƙuryar gareji, bayan inda ƙanensa ke miƙe lotsattsun ƙofofi da guduma. Ƙane ya daddaki ƙarfe, wa ya bi da samfefa da injin feshi, mota ta fito kamar ba ta taɓa haɗuwa da tirela ba. A haɗa kala ya yi suna. Sai ya tsaya gaban mota ya karkata kai, ya koma kan gwangwanayensa, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, shi ke nan.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Magani sai ran da ya tuna. Shayinsa kuwa, ƙanensa kan ce ko ƙudan zuma ya ɗanɗana sai ya nemi ruwa.

Wata malamar makaranta ce ta fara tona abin. Ta zo ɗaukar motarta mai ruwan toka, ta zagaya ta, ta ja ta tsaya.

"Malam, wannan ƙofar ta wata motar ka aro mini?"

Ya duba, ya sake dubawa. Shi dai bai ga bambanci ba. Da ya waiwayi ƙanensa sai ya ga ya sunkuyar da kai. Ba a jima ba kuma ya fara korar ƙudajen da shi kaɗai yake gani.

Matarsa ce ta tisa shi gaba zuwa asibitin ido. Likitar da suka samu matashiya ce mai magana a hankali. Ta ɗiga masa magani, ta ɗauki hoton cikin idon da na'ura, ta juyo masa da shi. Ta ce suga ya cinye ƙananan jijiyoyin jini na bayan idon, suna yoyo, wasu sababbi marasa ƙwari kuma suna tsirowa, kuma duk ranar da suka fashe jini zai rufe ganin. Akwai sabon magani, in ji ta, allura ce da ake yi a cikin idon wata-wata.

"Likita, ido fa kika ce, ba cinya ba."

"Ido na ce, Baba. Za a kashe wurin, ba za ka ji komai ba."

Hankalin matarsa bai kwanta ba, ta ce sai sun ji ta bakin wani. Suka je wurin wani dattijon likita mai furfura har a gira. Shi kuma ya ce a bar batun allura, a ƙona gefen bayan idon da hasken leza, jijiyoyin su daina tsirowa.

"Ba zan ɓoye maka ba," in ji shi. "Ganin gefe zai ragu, da magariba za ka riƙa lalube, kala ma tana iya dusashewa. Amma tsakiyar za ta zauna. Allurar nan tana aiki, ban raina ta ba, sai dai ba ta son fashi. Kai kana fashi?"

"Likita, ni mai fenti ne, ba ɗan fashi ba."

Dattijon ya yi dariya. Matarsa ko murmushi ba ta yi ba.

Ya koma wa matashiyar da wannan magana, yana fatan ta ce tsohon ya tsufa. Sai ta ce, "Gaskiya ya faɗa maka. Mu kanmu likitoci ba mu gama wannan gardamar ba. Abin da aka ƙona ba ya dawowa, shi ya sa na so mu fara da allura. Amma idon naka ne, Baba."

Wannan kalma ta fi komai damunsa. Shi ya zo ne a ce masa yi kaza ya yi, sai ga shi an ɗora masa zaɓi a ka. A gida matarsa ta ce, "Baban yara, na san halinka. Maganin da ke kan tebur ma sai na bi ka da shi ƙofa. Ka bari a yi mai gaba ɗaya." A gareji ƙanensa ya ce, "Yaya, in kala ta dusashe maka me ya rage? Ka yarda a sa maka wuta a ido da ranka?" Kwana da kwanaki yana juya maganar, abinci ma ya daina yi masa daɗi. Daga ƙarshe ya zaɓi allura.

Da farko abin kamar sihiri. Hazon da ke idonsa ya washe, ƙudajen suka ragu, ya koma kan gwangwanayensa yana fito. Har tsokanar matarsa yake yi, wai da ya bi tata da yanzu tana jansa da sanda.

Sai aka kawo musu motocin wata makaranta a yi musu fenti kafin a koma hutu, ranar allura ta faɗo tsakiyar aikin, ya ce sai mako mai zuwa. Da ya je, aka ce maganin ya yanke, ya dawo gaba. Ido kuma lafiya lau, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Daga nan kunyar haɗa ido da likitar ta kama shi, kullum ya ce gobe. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki gwangwanin fenti, sai ya ga wani baƙin hayaƙi mai ja-ja yana tasowa ta idon dama. Ya murza, ya ƙifta, hayaƙin sai ƙaruwa yake. Ya kira ƙanensa da wata murya da ta sa guduma ta faɗi ƙasa.

An yi masa tiyata an kwashe jinin. Aka ce ya kwanta rub da ciki, fuska a ƙasa, na tsawon kwanaki. Matarsa ta riƙa turo masa kwano ƙarƙashin fuska, yaransa suna leƙowa daga ƙofa suna raɗa. Ko sau ɗaya ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi samun sauƙi. Da aka cire bandeji, idon dama haske da duhu kawai yake bambancewa.

A kan na hagu babu sauran gardama. Matashiyar da kanta ta yi masa lezar. Da ta gama sai ta ce, "Na yi ta tunanin maganarka, Baba. Ban sani ba ko da na matsa maka tun farko."

"Ke kin yi naki, 'yata," ya ce. Bai san ko haka ne har zuciyarsa ba.

Yanzu yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ƙanensa ya ɗauko wani mai fentin, ya daɗe kafin ya iya gaya masa. Shi kuma ya koma goge jikin mota da samfefa, aikin da tafin hannu ke yi, yana shafa ƙarfe yana gano inda bai kwanta ba. Idan injin feshi ya tashi a rumfar, sai ya juya mata baya. Rana na yin sanyi matarsa ke zuwa ta tafi da shi, don da zarar duhu ya fara ba ya ganin bakin kwata.

Kwanan baya wani direba mai irin ciwonsa ya zo ya tsuguna kusa da shi, ya ce an ba shi zaɓin nan na allura ko leza, wanne zai ɗauka? Mai Fenti ya daɗe yana guga. Can ya ce wallahi bai sani ba, ya tambaye shi ko yana da wanda zai riƙa raka shi asibiti. Direban ya ce matarsa ta rasu, 'ya'yan kuma duk suna nesa. Mai Fenti ya koma kan gugarsa, ƙurar fenti tana sauka a kan takalmansu.