Ranar da Alhaji Ya Riƙe Mini Jarida

A wurin kawuna na koyi kaɗa bulala, shi mai kora shanu kasuwa ne. Ban taɓa ganin ya zabga wa saniya ba. Iska yake duka, ƙarar ce ke juya garken. Da zan taho Malesiya karatun digiri na uku, sai na naɗe wadda ya saƙa mini na jefa a akwati. Duk ranar da jami'a ta yi bikin al'adu ni ake kira, in kaɗa, Sinawa da Larabawa suna toshe kunne suna tafi.

Sai ga korona. Aka rufe jami'a, aka rufe masallatai, aka bar mu a wani dogon bene a Setapak, ni da matata da yaranmu biyu, daga falo sai kicin. A wannan zaman ne na ga wani Bature a waya yana kaɗa bulala tana ci da wuta, abin ya tsaya mini a rai.

Fata ba ta jure wuta, don haka na yi odar irin zaren da ake yi wa 'yan kwana-kwana riga da shi, na zauna na saƙa sabuwa. A tsoma ta a man fitila, a girgije, a kunna. Da ka kaɗa, man ya fantsama, sai dunƙulen wuta ya tashi sama tare da ƙarar. Daga baya na gano in na ɗaura soson ƙarfe a bakinta, tartsatsi ke zuba kamar ruwan sama. Matata ta gaji da tambaya.

"Baban yara, wai ina sosona kuma?"

Hawan ƙarshe na wurin ajiye motoci fili ne fetal, ba kowa. Mai gadin ya ce boleh, wato ba laifi, in dai akwai bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tawul. Can nake hawa bayan magariba.

Akwai wani Alhaji a benen, ɗan jiharmu, mai aika wa mutane kaya gida da nema wa ɗalibai gurbin karatu. Tagarsa tana kallon filin. Wata safiya na buɗe guruf ɗinmu na 'yan Arewa, sai ga ni a bidiyo, ga saƙon murya a ƙasa.

"Jama'a ku ga abin da ake yi mana a ka. Ana fama da annoba, mutum ya hau sama tsakanin magariba da lisha yana kiran aljanu. Kowa ya kama iyalinsa."

Na kira shi. Na ce, "Alhaji, wasa ne fa. Man fitila ne da zare. Ka hawo ka gani."

Ya ce, "Malam, ni abin da idona ya gani na faɗa. Wa ka taɓa gani yana wasa da wuta da almuru?" Ya kashe wayar.

Da ni kaɗai abin ya shafa, da na shanye. Matata ita ce wadda duk gidan da aka killace za ta dafa, ta ɗora ni in rataye musu a ƙofa. Gidan Alhaji ma ya sha kununta lokacin da cutar ta kama shi. Bayan bidiyon nan matan suka daina ɗaga wayarta. Da cutar ta zo kanta, aka ɗaura mana abin hannu na shaidar killacewa aka ce kada wanda ya fita. Tana ɗaki tana tari, ni ina falo da yara suna kukan yunwa, ban iya komai ba sai taliya. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Mai mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan benenmu, Ba'indiye, shi ya riƙa aiko mana tapau, abinci a ƙunshe. Wata rana na ji ta ta bayan ƙofa tana tambaya da ƙyar, "Ba wadda ta kira?" Na ce babu. A ranar na ƙullaci Alhaji a zuciyata, na ce sai na rama ko da za a shekara.

Da ta warke na koma sama. Yanzu ba nishaɗi nake ba. Na riƙa kafa kara ina sara, ina kunna kyandir ina kashe shi da bakin bulala, har sai da hannuna ya san inda take tsayawa kamar yadda ya san bakina.

Bidiyon nan kuwa bai tsaya a guruf ba. Da aka sassauta doka, masu shirya biki suka fara nemana, 'yan ƙasa da baƙi. Ana haka Alhaji ya kama kedai, wato shago, a unguwar Sri Petaling zai buɗe gidan tuwo. Ranar nan sai ga sallamarsa a ƙofata.

"Malam, abin da ya wuce ya wuce. Ka zo ka tara mana jama'a ranar buɗewa. Na nemi izini, akwai fili a gaban shagon."

Bai ce a yi haƙuri ba. Bai tambayi mai jiki ba. Na ce, "Ba komai, Alhaji, zan zo."

Da ya fita matata ta dube ni. "Za ka je?"

"Zan je. Ke ma ki shirya."

Ranar ta zo, fili ya cika, kowa da takunkumi a fuska da waya a hannu. Matan guruf suna jere a kujerun roba. Na fara da bulalar kawu, na kashe kyandir, aka yi tafi. Sai na karɓi lasifika.

"Ina neman namiji ya riƙe mini jarida. Ba wanda ya fi cancanta irin mai gayya, don shi ya fara nuna wa duniya aikina."

Aka ɗau sowa. Ba yadda zai yi, ya fito cikin babbar riga yana yaƙe. Na naɗe jarida na miƙa masa, na ce ya miƙe hannu. Na ja baya. Tas! Kan jaridar ya tashi. Tas! Wani yanki ya faɗi. Ina sara ina matsowa wajen yatsunsa. Ya ce a hankali, "Malam, ya isa haka."

"Saura ta aljanun, Alhaji."

Na ba shi sabuwar jarida. Na tsoma ɗayar bulalar, na girgije, na kunna. Na riga na auna tazarar, na san ko zafin da ƙyar zai iske shi, amma shi bai sani ba. Na juya ta bisa kaina tana gurnani, tartsatsi yana zuba, na bar shi ya kalla sosai. Sannan na saki. Wutar ta fashe a sama tsakanina da shi.

Alhaji ya yar da jarida ya kwarma salati, ya juya da gudu. Rigar ta harɗe shi, ya faɗa cikin kujeru, hula ta yi gefe, kular miya ta bi bayanta. Wani yaro ɗan ƙasa yana ta ihu, "Sekali lagi lah!" wai a sake. Na kashe bulalar da tawul, na naɗe kayana. Da na waiga, matata ta sauke takunkumi tana dariya har da hawaye, matan da ke gefenta sun rasa inda za su sa ido.

Bayan kwana kaɗan wani dattijo, malamin jami'a da muke ganin girmansa, ya kira ni. Ya ce na wuce gona da iri, Alhaji babba ne, in je in ba shi haƙuri. Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Amma ya fara hawowa ya ba maiɗakina haƙuri, ko ta bayan labule ne. In ya yi, ni har shagonsa zan je."

Dattijon ya ce zai faɗa masa. Na gama karatu, muka sayar da firij da gado, muka dawo gida. Alhaji bai hawo ba, ni ma ban sauka ba.